Idan Jami'a Ta Ce A'a: Yadda Za Ka Sake Neman Gurbin Babban Digiri a Fannin Tarihi

Saƙon yakan shigo ne a watan Fabrairu ko farkon Maris, sau da yawa cikin dare saboda bambancin agogo. Layi uku ko huɗu ne: sun gode da ka nema, masu nema sun yi yawa a bana, ba su sami damar ba ka gurbi ba. Shekarar da na fara neman digirin digirgir a tarihi, irin wannan saƙo guda shida na karɓa. Na ƙarshen ya same ni bayan sallar asuba ina zaune a tabarma. Na karanta, na kifa wayar, na daɗe ban ce wa kowa komai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin fom, domin wani ɓangarensa yayata ce ta sayar da tunkiyarta ta ba ni.

Da shekara ta zagayo na nemi wurare biyar, biyu suka ɗauke ni da cikakken tallafi. Sakamakon digirina yana nan yadda yake, Turancina ma bai wani ƙaru ba a cikin wata goma. Takardun da na tura ne suka zama wasu daban, kuma yadda na sauya su nake so in shimfiɗa maka a nan, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa da ke nake. Zan fi ƙarfafa magana a kan Amurka da Ingila, don can ne na fi sanin hanya, amma yawancin abin zai yi maka amfani ko ina za ka nema.

Mataki na farko: fahimci yadda ake yanke hukuncin

A Amurka, sashen tarihi da ya ɗauke ka digirin digirgir yakan ɗauki nauyinka na wajen shekara biyar: kuɗin makaranta, alawus na wata-wata, da inshorar lafiya. Kowane ɗalibi kuɗi ne mai yawa a wurinsu, shi ya sa guraben ba su da yawa. Waɗannan 'yan guraben kuma raba su ake yi tsakanin masu tarihin Amurka, da na Turai, da na Asiya, da sauransu. Rabon tarihin Afirka a shekara yana iya zama mutum ɗaya ko biyu, wata shekarar ma babu ko ɗaya. A 2020, lokacin annobar korona, sassan tarihi da dama sun dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai ɗungurungum, wasu kuma da suka dawo sai suka rage adadi.

Kwamitin malamai ne ke karanta takardu, kuma tambayar da ke kansu ita ce: wa zai kula da wannan ɗalibi a cikinmu? Idan malamin da ya san Afirka ta Yamma yana hutun bincike a shekarar, ko ya kusa ritaya, ko ɗalibai sun riga sun yi masa yawa, to ko takardunka sun kai kowa kyau za a ajiye su. Wannan ba a hannunka yake ba. Amma akwai wanda ke hannunka, kuma kada mu yaudari kanmu da cewa duk rashin sa'a ne. Idan ka nemi wuri shida babu wanda ya kira ka ganawa ko ya sa ka a layin jira, akwai abin gyara a takardun.

In kuwa an sa ka a layin jira, kada ka cire rai da wuri. Yawancin jami'o'in Amurka sun yi yarjejeniya cewa wanda aka yi wa tayin tallafi yana da damar yin shawara har zuwa 15 ga Afrilu. Masu tayi biyu ko uku sukan saki sauran a kwanakin ƙarshe, sai layin ya motsa. Ka aika gajeren saƙo ga shugaban karatun manyan digiri na sashen, ka ce har yanzu kana so, in kuma wurin ne zaɓinka na farko ka faɗa. Sau ɗaya ya isa.

Ingila tsarinta daban. Digirin shekara uku ne zuwa huɗu, sai kana da digiri na biyu, kuma da cikakken tsarin bincikenka kake shiga. Gurbi daban, kuɗi daban. Mutane da yawa suna samun takardar gurbi su rasa tallafi, wanda a aikace shi ma a'a ne, sai dai yana nuna maka aikin ya karɓu, wajen neman kuɗi ne za ka ƙara ƙaimi.

Mataki na biyu: koma kan takardun bara

Ka ba kanka mako biyu ko uku zuciya ta huce. Bayan nan ka buga duk abin da ka tura a takarda, ka karanta da biro a hannu kamar na wani ne. Sannan ka kai wa mutumin da ba zai ji kunyarka ba. Ni wani malaminmu na kai wa, wanda a aji ake tsoron jan bironsa. Ya karanta shafi biyun da na rubuta na bayanin manufa, ya cire tabarau, ya ce: "Malam, na ga kana son tarihi, na ga iyayenka sun sha wahala a kanka. To mene ne tambayarka?" Ban iya amsawa ba. A nan na gane abin da kwamitoci shida suka gani.

A watan Mayu, bayan hayaniyar ɗaukar ɗalibai ta lafa, kana iya rubuta wa sashe ɗaya ko biyu ka nemi shawara. Ka gode musu, ka ce kana da niyyar sake nema, ka tambayi ko akwai ɓangaren da ya kamata ka ƙarfafa. Ban da ƙorafi, ban da neman a sake duba hukunci. Da yawa ba za su amsa ba, wasu za su ce dokarsu ta hana. Wanda ya amsa kuwa, ko layi biyu ne, ka riƙe shi da kyau.

Mataki na uku: mayar da batu ya zama tambaya

A nan ne aikin yake, kuma a nan zan fi daɗewa.

A shekarar farko na rubuta cewa ina so in yi nazarin tasirin mulkin mallaka a kan tattalin arzikin Arewacin Najeriya. Wannan kan magana ne kawai, kuma mai faɗin da mutum ɗaya ba zai gama shi ba ko ya shekara talatin. Irinsa ne "gudummawar Daular Usmaniyya ga ilimi" ko "matsayin mata a ƙasar Hausa". Mun saba da irin waɗannan a furojet ɗin digirin farko, ana karɓa kuma a ba da maki. Kwamitin digirin digirgir abu huɗu yake nema ya gani: wuri, lokaci, abin da ba a gane ba tukuna, da takardu ko mutanen da za su taimaka a gane shi.

Ga yadda nawa ya koma. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta fara tafiya Legas da yawa. A daidai wannan lokaci Turawa suna matsa a biya haraji da kuɗinsu maimakon kuɗin wuri, malaman taki suna bin gonaki suna aunawa. Sai ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba. Tambayata ita ce: a gunduma ɗaya da ke kusa da birnin Kano, su wa suka rabu da gonakinsu a waɗannan shekaru, hannun su wa gonakin suka koma, kuma ta wace hanya, jingina ko sayarwa ko ƙwace? Ka ga yanzu akwai wuri, akwai shekaru, akwai abin da za a iya nemo amsarsa, kuma amsar tana iya zuwa saɓanin abin da nake zato. Tambayar da ka riga ka san amsarta tun kafin ka shiga ɗakin karatu ba ta buƙatar shekara biyar.

Daga nan sai ka san waɗanda suka riga ka. A kan batuna dole in karanta Jan Hogendorn a kan asalin cinikin gyaɗa, da Michael Watts wanda littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewa har yau ake jayayya da shi, da aikin Paul Lovejoy da Hogendorn a kan yadda bauta ta mutu sannu a hankali har aka haramta ta baki ɗaya a 1936. Karantawa kaɗai ba ta wadatar ba, sai ka iya cewa wane ya ce kaza, hujjarsa kaza, ni kuma ina ganin ya tsallake kaza. Mu da aka raina da girmama malamai wannan yakan yi mana nauyi, muna ganin kamar rashin kunya ne. Amma a gidanmu ma al'adar tana nan. Yusufu Bala Usman, a aikinsa kan Katsina da ya fito a 1981, ya ƙalubalanci masu fassara tarihinmu da rigimar ƙabila tsakanin Haɓe da Fulani, kuma da hujja ya yi. Abdullahi Smith ma haka ya yi wa labarin Bayajida tambayoyi. Saɓa wa malami da hujja cikin ladabi shi ne ainihin sana'ar.

Hanya mai sauƙi ta sanin inda muhawara ta kwana ita ce ka ɗauki mujallar tarihin Afirka ta Kambirij, ka bi fitowar shekara biyar na baya, ka karanta duk abin da ya shafi yankinka har da sharhin littattafai. JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet, tana barin mai rajistar kyauta ya karanta maƙaloli da dama a wata. Kuma kada ka manta da kundayen digiri da ke jibge a sassan tarihi na Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai. Da yawansu ba a taɓa bugawa ba, malaman waje ma ba su gan su ba, kuma ambatonsu yana nuna kai ɗan gida ne a fagen.

Mataki na huɗu: shiga ma'adanar takardu, ka rubuta sabon samfuri

Kowace jami'a za ta nemi samfurin rubutunka, galibi shafi 15 zuwa 25. Malamai da yawa a fannin tarihi sun fi ba shi nauyi a kan komai, domin a nan suke ganin yadda kake sarrafa hujja. Kuskuren da na yi a karon farko shi ne na yanko babi na biyu na kundin digirina na biyu, babin da ke jero yanayin ƙasa da ruwan sama da asalin sunan gari, na tura. Babu takardar asali ko ɗaya da na warware a ciki.

Kai da ke zaune a gida kana da abin da mai nema daga Shikago ba shi da shi: kuɗin mota ne tsakaninka da hujjojin. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin sakatariyar lardunan Arewa da na kowane lardi, Kano, Sakkwato, Katsina, Zariya da sauransu. Akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar bincike a 1970. Akwai tarin rubuce-rubucen Larabci na shirin binciken tarihin Arewa a jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da ta Kano a Gidan Ɗan Hausa. Ɗan Nijar yana da ma'adanar ƙasa a Yamai da cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta jami'ar Abdou Moumouni, mai tarin tsofaffin littattafan hannu na Larabci da ajami. Ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku kafin ka tafi.

Na yi mako uku a Kaduna a daminar shekarar. Har yanzu ina tuna fayil na farko da aka ajiye mini, an ɗaure shi da zare, takardun sun yi ja, gefensu yana marmashewa in ka juya da gaggawa. Rahoton kimanta haraji ne da wani jami'in Bature ya rubuta, a gefe kuma wanda ke sama da shi ya yi ƙaramin rubutu da fensir yana shakkar adadin gonakin da dagaci ya bayar. Wannan rubutun fensir ne ya buɗe mini samfurina: me ya sa dagaci zai rage adadi a shekarar yunwa, wa yake karewa? Na koma ƙauyen, na zauna da jikokin mutanen da aka ambata. Wani dattijo ya kai ni har bakin wata gona ya nuna mini tsamiyar da ta kasance iyaka kafin kakansa ya jinginar da rabin gonar a kan dame uku na gero. Shafi ashirin na rubuta a kan fayil biyu da hira huɗu.

Ka tsara shi haka: shafin farko ya faɗi tambaya da amsarka a taƙaice, sai abin da magabata suka ce, sai hujjoji ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗauki maganar Bature a matsayin gaskiya tsagwaronta, kada kuma ka ɗauki ta dattijo haka. Ka nuna dalilin da ya sa kowannensu ya faɗi abin da ya faɗa. Bayanan ƙasan shafi su fito tsaf, da lambar fayil da ranar hira, bisa salon Shikago da masu tarihi ke bi. Kuma kowane layi ya zama naka. Kwafe ba tare da ambaton mai shi ba, ko ba wa manhajar kwamfuta ta rubuta maka, yana kashe takarda nan take, kuma waɗannan malamai aikinsu ke nan karatun rubutun ɗalibai.

Harsunanka ma dukiya ne, ka bayyana su dalla-dalla. Kada ka ce kawai kana jin Hausa. Ka ce harshen uwa ne, kana karanta ajami, ka yi karatun zaure har kana iya warware wasiƙar Larabci da rubutun Magaribi, in dai gaskiya ne. Abin da ake kashe shekaru ana koya wa wasu ke nan. In batunka ya tsallaka iyaka, kamar tawayen Satiru na 1906 da ke da alaƙa da abin da ya faru a ɓangaren Nijar da Faransa ke mulka, ko fataucin goro zuwa Gwanja, to ka fara koyon Faransanci a wannan shekara ta jira, ka kuma faɗa a takardarka cewa ka fara.

Mataki na biyar: zaɓi malami kafin ka zaɓi jami'a

A karon farko sunaye na bi, jami'o'in da kowa ya sani. Biyu daga cikinsu, da na duba daga baya, ba su da ko mutum ɗaya mai aiki a kan Afirka ta Yamma. Kuɗin fom ɗin nan zubar da su na yi.

Ka fara daga littattafai da maƙalolin da suka taimaki tambayarka, ka duba ina marubutansu suke koyarwa yanzu, kuma ko suna kan aiki. Sannan ka duba ko akwai mutum na biyu da na uku a jami'ar da za su iya zama a kwamitinka, ko da a sashen addini ko nazarin al'umma suke. Wuri mai malami ɗaya tak haɗari ne, in ya tashi ka zama maraya. Wasu wurare suna da tsohuwar alaƙa da fagenmu. Jami'ar Northwestern tana da shirin nazarin Afirka tun 1948, kuma a ɗakin karatunta akwai tarin littattafan Malam Umaru Falke na Kano. Wisconsin ta yi suna tun zamanin Philip Curtin da Jan Vansina, wanda ya kafa ƙa'idojin amfani da tarihin baka. Jami'ar jihar Michigan tana da ƙarfi a tarihin Afirka, jami'ar Boston kuma ta tara rubutun ajami na Hausa a intanet. A Ingila akwai makarantar nazarin Asiya da Afirka ta SOAS a Landan da jami'ar Birmingham, a Jamus akwai jami'ar Bayreuth. Waɗannan wuraren fara dubawa ne, amma sunan malamin da ke wurin a bana shi zai yanke maka hukunci.

A watan Satumba ko farkon Oktoba ka aika wa malamin imel. Gajere: ko kai wane ne, tambayarka a layi uku, takardun da ka riga ka gani, abin da ka karanta nasa da yadda ya shafi aikinka, sannan ka tambaya ko zai ɗauki ɗalibi a shekara mai zuwa. Kada ka cika shi da kirari, kada ka roƙi taimako don Allah, kada kuma ka aika saƙo iri ɗaya ga mutum goma, suna ganewa. In ya ce ba ya ɗauka, ya cece ka daga asarar kuɗi. In bai amsa ba bayan mako biyu ka tuna masa sau ɗaya. A Amurka shirun malami ba ya hana ka nema. A Ingila da Jamus kuwa da wuya abu ya yiwu ba tare da amincewar mai duba aikin ba tun farko.

Mataki na shida: takardar bayanin manufa

Kalma 800 zuwa 1000 galibi. Ka buɗe da tambayar, ko da wani abu da ka gani a fayil wanda ya haifar da ita. Labarin yadda kaka ke yi maka tatsuniya kana yaro ka bar shi, sai in jami'ar ta nemi takardar tarihin rayuwa daban. Bayan tambaya, ka nuna inda ta shiga cikin muhawarar masana, da hujjojin da za ka yi aiki da su da inda suke, ma'adanar Kaduna ce ko ta Kew a Landan ko ta Aix-en-Provence a Faransa. Sai shirinka: digirorinka, harsuna, koyarwa in ka yi. Sakin layi na ƙarshe na kowace jami'a daban ne, ka ambaci malamai biyu ko uku da dalilin da ya sa aikinsu ya dace da naka. Ka duba sau biyu kada sunan wata jami'a ya maƙale a takardar wata.

Shin ka faɗa cewa ka taɓa nema? In fom ya tambaya, ka faɗi gaskiya, sake nema ba abin kunya ba ne kuma ba ya rage maki. A cikin takardar layi ɗaya ya isa: tun bayan neman da na yi bara na yi mako uku a ma'adanar Kaduna, na sake fasalin tambayata. Abin da ba ya aiki shi ne mayar musu da takardun bara ba tare da an taɓa su ba.

Mataki na bakwai: wasiƙun malamai, tiranskirif da kuɗi

Wasiƙa uku ake nema. Malamin da ya karanta aikinka ya fi farfesa mai suna wanda bai san fuskarka ba. Wasiƙun da aka saba rubutawa a wajenmu gajeru ne, yaro ne mai ladabi da biyayya, ba a taɓa samunsa da laifi ba. Can kuwa so suke a ce: na duba kundinsa, ya gano kaza a fayil kaza, yana cikin ɗalibai mafiya ƙarfi da na koyar a shekaru kaza. Ka je wurin malaminka tun watan Satumba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ba shi samfurinka da takardar manufa da jerin ranakun rufewa, ka yi masa bayanin irin wasiƙar da ake so. In ya ce ka rubuto ya sa hannu, ka roƙe shi ya bari ka kawo masa bayanai a jere shi ya rubuta da kalmominsa. Ka sanar da shi cewa mahaɗin da zai bi ya ɗora wasiƙar zai zo masa ta imel daga jami'ar kuma yakan faɗa akwatin tarkace. In yana da adireshin imel na jami'a, da shi za a yi amfani. Inda fom ya tambaya ko ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar, ka ce ka yafe, an fi yarda da irin wannan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin sassan tarihi na Amurka suna rufewa tsakanin 1 da 15 ga Disamba, tallafin Oxford da Kambirij a Disamba ko farkon Janairu, na gwamnatin Birtaniya, wato Commonwealth da Chevening, kuwa tun kaka, kuma Chevening digiri na biyu kaɗai take biya, ga wanda ya yi aikin shekara biyu. Tiranskirif, wato takardar cikakken sakamakon darussanka, ka nema tun Yuni ko Yuli, kowa ya san yadda yake jan ƙafa. Wasu jami'o'in suna karɓar kwafin da ka ɗora da kanka sai sun ɗauke ka su nemi na asali, wasu kuma suna so hukumar WES, mai auna takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance. Sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL da IELTS shekara biyu yake yi, na GRE, jarrabawar shiga manyan digiri, biyar, don haka na bara yana iya yi maka. Sassan tarihi da yawa sun daina neman GRE, wasu kuma suna ɗauke wa wanda ya yi digiri da Turanci jarrabawar harshe. Ka karanta shafin kowane sashe kafin ka biya ko sisi.

Kuɗin fom a Amurka yakan kama daga wajen dala 70 zuwa 125. Ka tambaya ko suna yafewa, wasu suna yi ga wanda ya halarci taron bayaninsu na intanet. Wuri biyar da suka dace da kai sun fi goma na cika lissafi. Dokokin bizar ɗalibai kuma suna sauyawa, musamman na Amurka, don haka ka duba halin da fasfo ɗinka yake ciki a wannan shekarar kafin ka zuba kuɗi, ka kuma raba ƙafa zuwa ƙasa fiye da ɗaya.

In an sake cewa a'a

Yana faruwa, har ga masu takardu masu kyau. Wani lokaci za a ce ba a ba ka digirin digirgir ba amma ga gurbin digiri na biyu da kuɗinka. Kada ka ci bashi ko ka sa a sayar da gonar gado saboda wannan. Aikin koyar da tarihi a jami'o'in Amurka da Ingila ya yi ƙaranci ƙwarai, babu albashin da ke jiranka da zai biya irin wannan bashi. Digiri na biyu mai cikakken tallafi kuwa tsani ne mai kyau, yana ba ka sabon samfuri da sababbin masu rubuta maka wasiƙa.

Ka kuma dubi gida da idon basira. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967 kuma har yau ba a wuce shi ba, daga digirin da ya yi a Ibadan ya samo asali, yana zaune a Sakkwato yana karatu a wurin Waziri Junaidu. Bala Usman a Zariya ya yi nasa. Jami'o'inmu galibi suna neman matsakaicin maki 3.5 cikin 5 a digiri na biyu, kuma tambayar da ka gyara da samfurin da ka rubuta su ne za su zama tsarin bincikenka. Matsalolin ka san su, yajin aiki, ƙarancin littattafai, jiran mai duba aiki. Amma wanda ya yi rajista a gida yana iya neman tallafin Fulbright na Amurka na ɗalibi mai ziyarar bincike, ko na DAAD na Jamus, ko Commonwealth mai raba zaman karatu tsakanin gida da Ingila, ya je ya yi watanni a ɗakunan karatunsu ya dawo ya kammala. Waɗannan ma duk takardun nan guda uku suke nema, tsarin bincike da samfuri da wasiƙun malamai, don haka ka adana kowane kwafi da kwanan watansa a wuri ɗaya, ka ajiye wani a imel ɗinka saboda ɓacin rana.